Bindiga a ƙugu cikin kayan ofis: abin da shekaru suka koya min a Texas

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya tare da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira.

Ni mai karanta jaridarku ne daga jihar Texas a Amurka, kuma duk sanda kuka kawo labarin bindiga a ƙasar nan na kan ga maganar ta tsaya a wuri ɗaya ne, ko dai an yi harbi a wani wuri ko kuma 'yan siyasa na cacar baki a majalisa. Toh amma akwai wani ɓangare da ba a taɓowa, wato rayuwar mutumin da doka ta ba shi dama yana fita da ƙaramar bindiga a jikinsa kullum, ya sa shat ya yi zanzaro ya ɗaura taye ya zauna a kujera awa takwas ko tara. Ni ina cikin irin waɗannan mutanen, aikin lissafin kuɗi nake yi a wani ƙaramin kamfani, sau da yawa ni ne na ƙarshen rufe ofis da daddare, kuma mai kamfanin ya san ina ɗauke da ita, da yardarsa. 'Yan uwa da suka zo ƙasar nan suna yawan kirana suna tambaya wace bindiga za su saya, ni kuma kullum amsata ita ce ba wannan ce tambayar farko ba.

Kafin in shiga maganar dan Allah a fahimce ni, abin da zan faɗa na wanda dokar inda yake zaune ta halatta masa ne. A nan ma ba kowa ba ne, wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai, mai katin zama na dindindin da ɗan ƙasa su ne ke da dama. Kuma kowace jiha da tsarinta. Texas ta fara ba da lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye ne bayan dokar da gwamna George W. Bush ya sa wa hannu a 1995, daga 1 ga Satumba 2021 kuma aka ce ɗan shekara 21 da ba shi da laifin da ya hana shi zai iya ɗauka ko ba lasisi. Illinois ita ce jihar ƙarshe da ta yarda da ɗaukar bindiga a ɓoye da lasisi, a 2013, sannan a watan Yunin 2022 kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Bruen ta rushe sharaɗin New York na sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi lasisi. Duk da haka ni ina cewa mutum ya je ya yi lasisin, kuɗinsa a Texas dala 40 ne banda na malami, ajin awa huɗu zuwa shida ne sai gwajin harbi na harsashi 50, kuma a ajin ne za ka ji inda doka ta ce kar ka kuskura ka shiga da ita.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Mutane suna ganin maganar jin daɗin ɗaukar bindiga kamar maganar son jiki ce, wai namiji ya daure kawai. Wallahi ba haka ba ne. Bindigar da ke sukarka a kwankwaso ita ce wadda za ka riƙa taɓawa, ka gyara ta nan ka ja ta can, in abin ya ishe ka ka cire ka ajiye, kuma duk sanda hannu ya je kanta ba tare da buƙata ba to an buɗe ƙofar haɗari. Wadda ta zauna daidai kuwa ka ɗaura ta da safe ba za ka sake kai hannu wurin ba sai dare.

Ni da kaina na ga wannan. Shekarata ta farko na sayi Glock 19 saboda kowa yabonta yake yi, kuma gaskiya bindiga ce mai kyau, harsashi 15 take ci, amma in aka cika ta nauyinta ya kusa giram 850, kaurinta ya haura santimita uku. Na haɗa ta da wani kube mai laushi na yadi mai araha, na maƙala a siririn belet ɗin da nake sawa da kwat. Kafin azahar belet ya lanƙwashe, wando ya zame ta gefe ɗaya, mariƙin bindigar yana tokarar bayan kujera yana turo min ƙarfe cikin ƙashin ƙugu. Wata rana da yamma ciwon ya kai min ko'ina, na zare ta da kubenta na sa a durowar teburina na tura, na ce minti biyar kawai in huta. Sai aka kira ni taro a ɗakin da ke ƙarshen baranda. Ina zaune ana maganar kasafin wata mai zuwa, wajen minti ashirin da farawa, sai kawai na ji gefena ba nauyi, gabana ya yanke ya faɗi, domin durowar ba makulli kuma a lokacin ne matar da ke share ofis take zagayawa, wani lokacin ma da jikarta take zuwa. Na miƙe ban ko nemi izini ba, tafin hannuna duk zufa. Na tarar da durowar yadda na bar ta, ba wanda ya taɓa, amma na daɗe tsaye riƙe da bakin teburin kafin numfashina ya dawo. Ranar na koma gida na kulle ta a akwatin ƙarfe, na yi sati uku ban sake fita da ita ba sai da na gyara komai daga tushe.

Kuma ba ni kaɗai ba ne, a 2015 jaridu sun ruwaito yadda 'yan sandan da ke gadin majalisar dokokin Amurka suka manta da bindigogi a banɗaki, har wani yaro ya tsinci ɗaya. Waɗannan fa horarru ne, aikinsu ke nan. Abin da ya haɗa mu da su guda ɗaya ne, an raba bindiga da jiki.

Toh gyaran daga ina ya fara? Daga belet, ba daga bindiga ba. Belet ɗin kwat na yau da kullum an yi shi ne don ya riƙe wando kawai, fata ce falle ɗaya mai laushi. Akwai wanda ake yi musamman don wannan aiki, fata biyu a haɗe ko kuma da wata roba mai tauri a tsakiya, daga waje kamar kowane belet na ofis yake, baƙi ko ruwan ƙasa, faɗin inci ɗaya da kwata ko da rabi don ya shiga madaukan wando. Shi yana rarraba nauyin ne ya zagaye ƙugu gaba ɗaya maimakon ya taru a wuri guda, kuma da shi ba sai ka matse cikinka kamar za ka tsinke ba. Wasu ma suna da irin maɓallin da ke matsawa kaɗan kaɗan ba sai rami rami ba, wannan yana da amfani sosai ga mai zaman kujera, in ka zauna ka sassauta kaɗan, in za ka tashi ka ja.

Sai wando. Duk wanda zai sa kube ta cikin wando ya ƙara inci ɗaya ko biyu a kan lambar ƙugunsa, ko ya kai wa tela ya buɗa masa ta baya. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, abu ka cusa tsakanin jikinka da wando, dole ka ba shi wuri.

Kube kuma nan ne ba na sassauci ko kaɗan. Dole ya zama mai tauri, wanda aka ƙera don ainihin samfurin bindigarka, ya rufe kunamar ruf ta kowane ɓangare yadda ko yatsa ko gefen riga ko makulli ba zai iya kaiwa gare ta ba, kuma in ka kife shi a hankali bindigar ba ta zubo ba. Yawanci yanzu da wata roba mai ƙarfi ake yi da ake kira Kydex, akwai na fata mai kauri, akwai wanda aka haɗa biyun, fata ta ɓangaren jiki roba ta waje. Na fata yana da daɗi a jiki amma in ya tsufa bakinsa ya kan yi laushi ya lanƙwasa ciki, kuma wannan lanƙwasar tana iya danna kunama lokacin mayar da bindiga, dan haka a riƙa duba shi. Ga mu masu zanzaro akwai irin wanda maƙalinsa ke manne ta can ƙasa, an bar rata tsakanin maƙalin da jikin kuben, a cikin ratar nan kake cusa gefen shat ɗinka, sai rigar ta rufe bindigar gaba ɗaya, abin da ya rage a waje ɗan maƙali ne baƙi a kan baƙin belet, ba mai lura sai wanda ya san abin.

Wani abu da na daɗe ban gane ba, ba bakin bindiga ne ke tona asiri ba, mariƙin ne. Baki yana can cikin wando ba ruwansa da kowa, mariƙin ne ke turo riga ya yi tsini. Shi ya sa masu ƙera kube suka ƙara wasu 'yan abubuwa biyu da suka canza min rayuwa. Na farko ɗan fiffike ne a gefe wanda ke tokarar belet ta ciki, belet ɗin ya tura shi, shi kuma ya juyo da mariƙin ya kwanta a jiki. Na biyu ɗan soso ne kamar ƙaramin matashi da ake mannawa a ƙasan kuben ta ɓangaren jiki, yana tura ƙasan waje saman kuma ya shigo ciki, sannan ya hana kaifin robar cin fata. Nawa da hannuna na yanka shi daga wani soso mai tauri, na yi ta rage shi da reza kwana uku ina gwadawa a kujerar falo da bindiga ba harsashi, har sai da na samu kaurin da in na zauna ba na jin komai. Abin mamaki kuma kube mai ɗan tsawo ya fi gajere zama lafiya, saboda tsawon da ke ƙasan belet shi ke hana saman rinjayowa waje, musamman ga mai ɗan tumbi.

Maganar inda za a sa ta, a nan ana kwatanta ƙugu da fuskar agogo ne, cibiya ƙarfe 12, gefen dama ƙarfe 3, tsakiyar baya ƙarfe 6. Ƙarfe 4, wato bayan ƙashin ƙugu kaɗan, yana da daɗi a tsaye kuma kwat na rufe shi da kyau, amma da zarar ka sunkuya ɗaukar takarda a ƙasa ko ka miƙa hannu saman kanta sai rigar ta manne ta zana siffar abin, gashi kai ba ka ganin bayanka, wanda ke bayanka ne zai gani. Ƙarfe 1, gaba kusa da mara, shi na koma, domin yana gabana ina sane da shi, ba ya karo da bayan kujera, kuma ko wani ya rungume ni a gaisuwa ko ya dafa bayana ba zai ji komai ba. Sai dai ba zan ɓoye ba, a wurin bakin bindigar yana kallon cinya ne inda babbar jijiyar jini ta bi, kuskure a nan ba ya ba da damar gyara. Dan haka ni ƙa'idata ita ce ba na mayar da bindiga cikin kube yana jikina in dai ba a filin atisaye ba ne, can ma a hankali ina kallo da idona, na janye riga gefe. A gida kuben nake cirowa in sa ta a ciki sannan in ɗaura su tare. Ƙarfe 6 kuwa, tsakiyar baya, ban ba kowa shawara ba, ƙarfe ne a kan ƙashin baya, in santsi ya kwashe ka ka faɗi rigingine a kansa za ka sauka, sannan zama da shi a mota azaba ne.

Ita kanta bindigar daga baya na canza, na koma SIG Sauer P365 wadda ta fito a 2018, kaurinta wajen inci ɗaya, nauyinta ba harsashi kusan rabin kilo, tana cin 10. Akwai Glock 43 da ta fito a 2015 mai cin 6, akwai Shield ta Smith & Wesson, duk sirara ne da aka yi don irin wannan. Akwai ma waɗanda suka fi su ƙanƙanta irin Ruger LCP da ba ta kai giram 300 ba, wadda ake sawa a aljihun gaba cikin nata kuben, amma aljihun ya zama nata ita kaɗai, ba makulli ba canji ba biro. Sai dai a sani duk yadda bindiga ta ƙara ƙanƙanta haka take ƙara wahalar harbi, tana dukan hannu, saiti na wuya, kaga ke nan wanda ya zaɓi ƙarama ya ɗaukar wa kansa ƙarin zuwa atisaye.

Tufafi ma suna da nasu. Farar shat mai shara shara ba ta rufa asiri, baƙin abu na nunawa ta ciki kamar inuwa. Mai ratsi ko mai gida gida ko mai duhun launi da ɗan kauri ita ke ɓatar da ido, kuma in ka yi zanzaro ka ɗaga hannuwa sama sau ɗaya rigar ta ɗan fito ta saki a ƙugu. Irin matsattsun ɗinkin da samari ke yayi yanzu ba sa tafiya da wannan harka sam. Singileti a ciki dole ne, musamman a zafin Texas na Yuli da Agusta, in ba haka ba mariƙin zai goge maka fata har ta yi ja, gumi kuma gishiri ne, yana sa tsatsa, shi ya sa duk ƙarshen mako nake goge ta da ɗan mai in kakkaɓe zaren riga da ke taruwa a kube. Kwat yana taimakawa amma kar a dogara da shi, ranar da na'urar sanyaya ɗaki ta lalace kowa ya tuɓe nasa kai kaɗai ka zauna kana zufa, ai ka jawo ido. Wannan ne ma aibin kuben hammata, in ba kwat ba shi da mafaka. Na ƙwauri kuma yana da sauƙin kaiwa a zaune amma ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya wando ya ɗage shikenan.

Banɗaki, tunda na ambace shi a baya, bari in faɗi yadda ake yi ba kunya, domin nan ne aka fi yin sakaci. Bindiga ba ta fita daga kube, kube ba ya barin wando. Ka sauke wandon zuwa gwiwa kawai, ka sake ɗaura belet ɗin ko ka buɗa gwiwoyi su riƙe shi a miƙe, ka juya kuben ciki yadda na ɗakin kusa ba zai hango ta ƙarƙashin allo ba. Kar a ɗora ta kan tankin ruwa, kar a rataye ta a ƙugiyar ƙofa, ƙugiyar nan tana iya shiga wurin kunama.

'Yan uwa mata da ke aiki a ofis nasu ya fi wuya saboda siket da doguwar riga ba su da madaukin belet. Akwai ɗamara mai faɗi da ake ɗaurawa a ciki ƙarƙashin kaya, mai kyau ita ce wadda aka haɗa mata kube mai tauri ba aljihun roba mai talewa kawai ba, akwai kuma wani tsari da ake kira Enigma na kamfanin PHLster mai nasa belet ɗin daban wanda ba ruwansa da irin kayan da aka sa a sama. Jaka ita ce ta fi sauƙi kuma ita na fi tsoro. A watan Disambar 2014 a garin Hayden na jihar Idaho wani yaro ɗan shekara 2 ya zuge jakar mahaifiyarsa a cikin kanti ya taɓa bindigar da ke ciki, ta tashi ta kashe uwar, kuma jakar irin wadda aka ɗinka musamman don ɗaukar bindiga ce. Jaka ana ajiye ta, a kan tebur, a kujerar mota, a keken sayayya, kuma jakar kwamfuta ta maza ma haka take.

Saura maganar ofis ɗin kansa. Dokar jiha ta ba ka dama ba yana nufin mai kamfani ya ba ka ba. A Texas mai wuri yana da ikon hanawa, za ka ga allo a ƙofa da Turanci da Sifaniyanci, haruffa masu tsawon inci ɗaya, mai lamba 30.06 na hana masu lasisi shiga da ita a ɓoye ne, 30.07 na hana ta a fili. Gine ginen gwamnatin tarayya da gidan waya da kotu da mashayar da ke da jan allo mai 51% duk ba a shiga. Ko ba allo, in takardar ƙa'idojin ma'aikata ta hana aka kama ka, korarka za a yi kuma ba ka da ta cewa. Tun 2011 dokar jihar ta ce yawancin kamfanoni ba za su hana ma'aikaci barin bindigarsa a cikin motarsa a kulle a wurin ajiye motoci ba, amma mota ba ma'aji ba ce, daga motoci ake sace bindigogi da yawa a biranen ƙasar nan, wanda zai bar ta a mota ya sayi ƙaramin akwatin ƙarfe mai igiyar waya da ake ɗaurewa a ƙafar kujera. Ni dai da zan canza aiki zuwa inda aka hana, a gida zan bar ta, ba zan ci amanar wanda ya ɗauke ni aiki ba in riƙa shiga masa da abin da ya ce ba ya so.

Kuma Malam Edita ina so masu karatu su san ban rubuto don in zuga kowa ya je ya saya ba. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabinsu kuma su ne suka kashe kansu. Wanda ya san yana da saurin fushi, ko yana cikin damuwa mai nauyi, ko akwai rigima a gidansa, ko yana da yara kuma ba zai sayi akwatin kullewa ba, dan girman Allah ya haƙura. Ni tunda na fara ɗauka na daina musu da kowa a hanya, wanda ya sha gabana da mota in ba shi wuri, wanda ya ɗaga min murya in ba shi haƙuri ko da ni ke da gaskiya, domin na san abin da ke ƙuguna. Har yau ban taɓa zaro ta a kan wani mahaluki ba kuma kullum addu'ata kar Allah ya nuna min ranar.

Yanzu in na dawo gida kafin in zauna, kafin yara su zo su ɗane ni, ɗaki nake wucewa in kwance belet in zare kuben da bindigar a cikinsa in sa a akwati in kulle, sai na ji ƙarar makullin sannan nake fitowa falo. Ina roƙon ku buga wannan wasiƙa ko don 'yan uwanmu da ke zaune a jihohin nan, in akwai mai tambaya kuma ya aiko ta hannunku zan amsa gwargwadon abin da na gani.

Na gode, Allah ya taimaka.

Naku,
Wani mai karatu daga jihar Texas, Amurka